Tarihin Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi daga Katsina

Sheikh Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi yana cikin malaman ƙasar Hausa da suka yi fice a fannin lissafi da ilimin taurari a ƙarni na 18.

Bafulatani ne ɗan ƙasar Katsina, kuma cikin malaman da ya yi karatu a wurinsu akwai Sheikh Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Sheikh Muhammadu Bindu.

Daga bisani ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce.

Ilimin hatimi

A farkon shekarun 1730 ne ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaq, wanda ya yi bayani a kan hatimi.

Hatimi dai jadawali ne da ake jera lambobi a cikin gidajensa, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimillarsa ɗaya ce.

A hatimi mai gida tara, alal misali, ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi kuma ya ba da 15.

Malamin ya shimfiɗa ƙa'idojin da ɗalibi zai bi daki-daki ya cika hatimi, komai girmansa, muddin adadin layukansa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7.

Irin wannan jerin umarni shi masana kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Kowace manhaja da algoridim take aiki, haka ma dabarun da ake bi wajen kulle saƙonni da kare kalmar sirri a intanet.

Rasuwarsa

Al-Kashnawi ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, a gidan abokinsa Sheikh Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa.

Ɗan mai gidan, shahararren masanin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, ya kawo tarihin malamin a cikin littafinsa Aja'ib al-Athar, abin da ya taimaka sunansa bai ɓace ba.