Nii Kwabena Bonne: Ɗan Kasuwar Da Ya Girgiza Turawan Mulki

Mu 'yan kasuwa mun daɗe muna kukan tsadar kaya, amma kaɗan ne cikinmu suka san mutumin da ya mayar da wannan kuka makami a ƙasar Gana. Shi ne Nii Kwabena Bonne na Uku, wanda aka haifa a 1888, ɗan kasuwa kuma sarkin unguwar Osu Alata a Ankara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan kamfanonin Turawa, irin su UAC, sun haɗa kai cikin ƙungiyar AWAM, suna yanka wa atamfa da fulawa da sauran kayan kanti farashin da suka ga dama. Kowa ya ji a jikinsa, har iyayenmu na Zangon Kumasi da ke sarin kaya su kai arewa.

Wannan bawan Allah bai ɗauki bindiga ba. Ya bi hanyar da mutanen Indiya suka bi tun 1905, lokacin da suka ƙaurace wa yadin Ingila saboda raba lardin Bengal. Ya kafa kwamitin yaƙi da tsada, ya zaga ƙasa yana neman goyon bayan sarakuna. Ranar 26 ga Janairu 1948 jama'a suka daina sayen kayan Turawa. Kantuna suka yi tsit har wata guda, dole kamfanonin suka yarda su rage riba.

Ranar 28 ga Fabrairu, da aka janye ƙauracewar, 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji 3 masu zanga-zanga a Ankara. Ga shi kuma masu saye sun tarar ragin bai kai yadda suka zata ba. Tarzoma ta ɓarke har Kumasi, aka wawashe kantuna. Gwamnati ta tsare Nkrumah da Danquah da wasu 4, ta kafa hukumar bincike ta Watson. Daga nan aka kama hanyar zaɓen 1951 da 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957.

Ya rasu a 1968. Darasinsa gare mu a fili yake: babban kamfani ba ya tsoron ɗan kasuwa ɗaya, amma idan kasuwa ta haɗa baki, dole ya saurara. Sai mu tambayi kanmu ko ƙungiyoyin kasuwanninmu na yau suna da irin wannan haɗin kai.