Boris Karloff: Leburan da Ya Zama Dodon Frankenstein

'Yan'uwa ɗalibai, na tabbata da yawanku kun san fuskar nan ko ba ku taɓa kallon fim ɗin ba: kai mai faɗi kamar akwati, goshi da tabon ɗinki, ga ƙusoshi biyu a wuya. Dodon Frankenstein ke nan. Ni kuwa yau mutumin da ke ƙarƙashin wannan fuska nake son in ba ku tarihinsa.

Sunansa na yanka William Henry Pratt. An haife shi a Landan ranar 23 ga Nuwamba, 1887, shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Gidansu gidan ma'aikatan gwamnati ne, kuma suna da jinin Indiya. Yana yaro yana da in'ina, ga gwamen ƙafa. An sa shi a King's College don ya bi sahun yayyensa ya shiga aikin jakadanci, amma hankalinsa na kan wasan kwaikwayo. A 1909 ya ajiye karatu ya hau jirgin ruwa zuwa Kanada.

Can fa ya sha wuya. Ya yi ƙodago a gona, ya yi haƙan rami, kafin ya samu shiga ƙananan ƙungiyoyin wasan daɓe masu yawo gari-gari. A nan ya laƙaba wa kansa suna Boris Karloff. Da ya isa Holiwud ma ba ta sauya zane ba: yau a ba shi ɗan matsayin mugu na minti biyu, gobe ya koma tuƙin babbar mota don ya samu na abinci. Sai da ya fito a finafinai wajen 80 ba wanda ya san da zamansa.

A 1931 kamfanin Universal ya tashi yin fim daga littafin da Mary Shelley ta wallafa a 1818, labarin wani masanin kimiyya da ya harhaɗa sassan gawarwaki ya sa musu rai. Darakta James Whale ya hango Karloff a ɗakin cin abincin kamfanin, ƙirar fuskarsa ta yi masa, ya kira shi gwaji. Lokacin yana da shekara 43.

Aikin ba wasa ba ne. Kullum sai mai kwalliya Jack Pierce ya shafe kusan awa huɗu yana gina masa kai da auduga da sinadari. An sa masa takalman ma'aikatan kwalta masu nauyin gaske. Shi da kansa ya cire haƙoransa na roba don kumatunsa ya lotsa. Ɗaukar abokin wasansa Colin Clive a kafaɗa sau da yawa ya taɓa masa baya, ciwon da ya bi shi har kabari. Duk da haka, a jerin sunayen farkon fim ɗin, alamar tambaya kawai aka sa a gurbin sunansa. Sai a ƙarshe aka rubuta shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya fahimci dodon. Bai ɗauke shi mugu ba. Ya buga shi ne kamar jariri a jikin ƙato, wanda mai shi ya yasar, kowa ya gan shi sai gudu ko duka. Akwai wurin da dodon ya tarar da wata yarinya, Maria, a bakin tafki. Ba ta ji tsoronsa ba, ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo a sama. Da furanninsa suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, yana zaton ita ma haka za ta yi. Da ta nutse, ya ruɗe ya gudu a firgice.

Masu tace finafinai suka ce wannan ya yi muni. Wasu jihohin Amurka suka yanke shi tun 1931, daga baya kamfanin ya cire shi gaba ɗaya da za a sake nuna fim ɗin. To, kun ga inda gyara ya zama ɓarna: sai ya zamana mai kallo ya ga dodo ya miƙa hannu ga yarinya, can kuma ga ubanta ɗauke da gawarta. Kowa sai ya zaci da gangan ya yi, ko ma abin da ya fi haka muni. Kusan shekara 50 haka aka riƙa kallonsa. Sai a shekarun 1980 aka gano guntun a ma'ajiyar finafinai ta Birtaniya, aka mayar da shi, ya fito a kaset ɗin bidiyo na gida, daga baya a faifan DVD. A ganina wannan kaset ne ya wanke dodon, ya kuma nuna wa duniya ainihin aikin Karloff.

Suna ya zo masa. Ya yi The Mummy a 1932, da Bride of Frankenstein a 1935, da Son of Frankenstein a 1939. Amma bai manta wahalar da ya sha ba. A 1933 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, Screen Actors Guild, katinsa mai lamba 9, a lokacin da shiga ƙungiya kan iya sa kamfani ya daina ba mutum aiki. Ga shi tauraronsa bai daɗe da fitowa ba, amma ya sa wuyansa don a rage wa ƙananan 'yan wasa awannin aiki.

Ya ci gaba da aiki har tsufa, a kan keken guragu, da tukunyar iskar numfashi a gefe. Ya mutu a Ingila ranar 2 ga Fabrairu, 1969, yana da shekara 81, bai ga dawowar wancan guntun ba.

Idan za ku nemi fim ɗin a hutun nan, ku duba ku tabbata kwafin da wurin tafkin ya cika ne. Ku kalli hannayensa da idanunsa bayan yarinyar ta nutse.