KYAFTIN KILAFATON (1788-1827): SOJAN RUWAN DA YA ZO SAKKWATO NEMAN BAKIN KWARA

1.0 Gabatarwa

Ruwan saman da ya sauka a Tudun Wada ta birnin Sakkwato, in dai ƙasa ba ta shanye shi ba, gulbi yake gangarawa. Daga nan sai ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, har ya ƙare a Tekun Atilantika. A yau ɗan firamare ma yana iya nuna wannan a taswira. Amma a farkon ƙarni na 19, masanan Turai ba su san inda Kwara ta ƙare ba, kuma mutane da dama sun rasa rayukansu wajen neman amsar. Wannan babi zai kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Kyaftin Hiyu Kilafaton, wanda Sakkwatawa suka sani da suna Abdullahi. Za a dubi tasowarsa da sana'arsa ta teku, da zuwansa Sakkwato har sau biyu, da kuma alaƙar aikinsa da tarihin nazarin Hausa.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Kilafaton a garin Annan na ƙasar Sikotilan a shekarar 1788. Mahaifinsa likita ne mai 'ya'ya da yawa, don haka yaron bai yi zurfi a karatun makaranta ba, sai dai ya sami lissafi da ilimin tuƙin jirgin ruwa. Yana da shekara 13 ya fara aiki a wani jirgin fatauci da ke zirga-zirga tsakanin Libaful da Amurka ta Arewa. Daga baya ya tsinci kansa cikin sojan ruwan Ingila. Yana cikin waɗanda suka karɓe tsibirin Morishas daga hannun Faransawa a 1810. A 1814 aka tura shi manyan tafkunan Kanada, inda ya sami muƙamin laftana. A 1817 ya koma gida, ana biyan sa rabin albashi, domin yaƙe-yaƙen Turai sun lafa.

3.0 Ilimin da Teku ta Koya Masa

Ba za a fahimci abin da Kilafaton ya yi a ƙasar Hausa ba, sai an san irin horon da hafsan jirgin ruwa yake samu a wancan zamani. A teku babu turba, babu kuka ko dutsen da matafiyi zai yi alama da shi. Saboda haka awo da lissafi su ne idon matuƙi.

Idan ana son sanin zurfin ruwa, sai a jefa igiya mai curin darma a bakinta, wadda aka yi wa alamomi gaba-gaba, kowace gaba ƙafa 6. A gindin darmar akwai ɗan rami da ake cika wa kitse. In ta taɓa ƙasa aka jawo ta, sai a ga abin da ya manne mata, ko yashi ko laka ko ɓawon kifi. Ta haka ake sanin zurfi da kuma irin ƙasar da ke ƙarƙashin teku. Saurin jirgi kuwa, da wata igiya mai ƙulli-ƙulli ake auna shi, a riƙa ƙirga ƙullin da ya zare cikin ƙayyadadden lokaci.

Wajen gane inda jirgi yake, hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce lissafin sauri da lokaci da kuma fuskar da kamfas ya nuna. Ta biyu ita ce auna tsayin rana da tsakar rana, ko na taurari da dare, a kuma gwada lokacin wurin da na Landan, domin bambancin awa 1 daidai yake da digiri 15 na gabas ko yamma. Idan sakamakon hanyoyin nan biyu ya saɓa, to alama ce ta cewa gudun ruwan teku ko iska sun janye jirgi, kuma daga girman saɓanin ake ƙiyasta ƙarfin gudun da inda ya dosa. Duk wannan a kan rubuta shi kullum a littafin jirgi. Irin waɗannan bayanai ne suka taru har suka haifi ilimin teku na zamani, musamman bayan tafiyar jirgin bincike mai suna Challenger daga 1872 zuwa 1876. Da wannan tarbiyya ta awo da rubutu Kilafaton ya shigo Afirka.

4.0 Matsalar Kwara

Kwara kogi ne mai tsawon kimanin kilomita 4,180. Tana tasowa daga tsaunukan Gini, ba nisa da teku, amma maimakon ta gangara can, sai ta nufi arewa maso gabas har kusa da Tumbutu, sannan ta karyo kudu. Wannan lanƙwasa ce ta rikita masanan Turai. A 1796 Mango Fak ya gan ta a Segu tana gudu gabas. Ya komo karo na biyu don ya bi ta har ƙarshe, amma ya halaka a Busa a 1806. Daga nan ra'ayoyi suka rarrabu. Wasu suka ce tana haɗuwa da Nilu, wasu suka ce da Kwango, wasu kuma suka ce a wani tafki take ƙarewa a tsakiyar nahiya. Ingila ta matsu ta san gaskiya, domin kogin da ya buɗe ga teku hanyar ciniki ce.

5.0 Tafiyarsa ta Farko

A 1822 Kilafaton ya taso daga Tarabulus tare da Likita Odni da Manjo Danham. Suka ratsa Sahara ta Murzuƙ, suka ga Tafkin Chadi a watan Fabrairu na 1823, suka sauka Kukawa wurin Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi. A ƙarshen shekarar, Kilafaton da Odni suka nufo ƙasar Hausa. Odni ya mutu a ƙasar Katagum a Janairun 1824, Kilafaton ya iso Kano shi kaɗai a cikin wannan wata. Ya zana taswirar birnin, ya bayyana tsarin kasuwa da marina, ya kuma ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. A duk zangon da ya yi, yakan rubuta tsawon tafiya da zafin rana da fuskar da kowane gulbi yake gudu, kamar dai yadda ya saba a jirgi.

Ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, Waziri Gidaɗo ɗan Laima ya sauke shi. A zamansa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar da malami wanda ya san sunayen buruji da taurari da Larabci, yake tambaya kan ɗariƙun Kirista na dā, yake kuma da labarin abin da Ingila ta yi a Indiya da Aljeriya. Kilafaton ya nuna masa kayan awonsa. Shi kuma Sarkin Musulmi ya zana masa hanyar Kwara a kan yashi, ya bayyana masa cewa tana shiga teku. Sannan aka ba shi taswira a takarda da wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya rubuta a 1812, inda ya yi bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu.

Abin lura shi ne, taswirar takarda ta nuna kogin ya nufi gabas wajen Masar, saɓanin zanen yashi. Masana tarihi sun saɓa kan dalili. Wasu na ganin ra'ayin tsofaffin littattafan Larabci aka bi, wasu kuwa na ganin da gangan aka yi, don kada a buɗe wa baƙi ƙofa. Ko ma mene ne, ba a bar Kilafaton ya tafi Yawuri da Nufe ba, aka ce hanya ba lafiya. Ya bar Sakkwato a watan Mayu da wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, ya isa gida a 1825. An buga labarin tafiyar tare da taswirar a 1826.

6.0 Tafiyarsa ta Biyu da Mutuwarsa

Bai daɗe a gida ba aka sake turo shi, wannan karo ta teku, domin a ƙulla ciniki da Sakkwato a kuma tsayar da fitar da bayi ta gaɓa. Ya sauka Badagiri a Disambar 1825. Bai tarar da manzannin Sarkin Musulmi a gaɓa ba, domin garuruwan da aka ambata masa ashe ba a bakin teku suke ba. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa biyu. Ya ci gaba da baransa Ricad Landa, da tafintansa, wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa suke kira Fasko. Shi wannan bawan Allah an sayar da shi bauta ne, aka 'yanto shi a teku, ya yi aiki a jiragen sojan Ingila.

Suka bi ta tsohuwar Oyo da Kayama da Busa, suka ƙetare Kwara a Afrilun 1826, suka iso Kano a watan Yuli. A Oktoba ya sadu da Bello a sansanin yaƙi da Gobirawa. Cikin kyaututtukan da ya kawo har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci, wanda Bello ya yi murna da shi ƙwarai, domin wanda suke da shi ya ƙone a gobara. Sai dai zamani ya riga ya sauya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuma Kilafaton yana ɗauke da wasiƙa da makamai zuwa ga Elkanemi. Aka karɓe su, aka hana shi wucewa. Shi yana ganin an ci amanar manzo, Sarkin Musulmi kuwa yana ganin babu shugaban da zai bari a kai wa abokin gābansa makami ta cikin ƙasarsa.

Ciwon ciki da zazzaɓi suka kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38. Landa ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato, ya kai takardunsa Ingila, aka buga su a 1829. A 1830 Landa da ƙanensa da Abubakar suka bi Kwara cikin kwalekwale daga Busa har teku. Zanen yashi ya tabbata.

7.0 Matsayinsa a Tarihi

Ga mai nazarin Hausa, tarihin Kilafaton yana da muhimmanci ta fuska uku. Da farko, littattafansa suna cikin tsofaffin shaidun gani da ido kan Kano da Sakkwato bayan jihadi. Na biyu, sanin bakin Kwara ne ya jawo tafiyar jiragen 1841, wadda Shon da Ajayi Kurauda suka shiga. Shon shi ne ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Na uku, hanyar da aka auna ita ce kamfanonin ciniki suka biyo, sojoji suka biyo bayansu, har Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903. Ashe tsoron da aka nuna a fadar Bello ba na banza ba ne.

Ya kamata malami ya yi hattara da kalmar ganowa idan yana koyar da wannan darasi. Sarkawa da Nufawa da fatake sun san kogin tun kaka da kakanni, kowa da yankinsa. Abin da Kilafaton da Landa suka ƙara shi ne awo da haɗa guntayen sani wuri guda da kuma rubutawa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda yaron da ya koyi jefa darma a teku ya ƙare rayuwarsa a Sakkwato, bai ga bakin kogin da ya zo nema ba. An kuma ga cewa bayanan da ya tara ba su samu ba sai da taimakon sarki malami da waziri da tafinta Bahaushe, waɗanda ya wajaba a ambace su duk lokacin da aka ambace shi.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda matuƙan dā suke auna zurfin teku da gudun ruwanta.
2. Me ya sa aka hana Kilafaton wucewa a 1824 da kuma 1826?
3. Tattauna alaƙar binciken Kwara da farkon rubuta Hausa da boko.