Adoniram Judson, Wanda Ya Kai Bishara Ƙasar Burma

An haifi Adoniram Judson a Amurka cikin shekara ta 1788, ubansa fasto ne. A 1813 shi da matarsa Ann suka sauka a Rangun, cikin ƙasar Burma, wadda yanzu a ke kira Miyanma. Yawancin mutanen ƙasar mabiyan Buda ne, su na kuwa da malamai da littattafai tun da daɗewa.

Shi Buda ya yi zamaninsa a arewacin Indiya wajen shekara 500 kafin haihuwar Ubangijinmu. Ya koyar cewa zaman duniya wahala ne, tushen wahalar kuwa sha'awa ce. Mutum ya kan mutu, a sake haifarsa cikin wani jiki gwargwadon aikinsa, har ran da ya kashe sha'awarsa ya kai ga hutun da su ke kira Nibbana. Ya hana kisa, da sata, da zina, da ƙarya, da abin sa maye. Mu da kanmu ba za mu kushe waɗannan dokoki ba. Amma cikin koyarwar babu Allah madawwami mahalicci, babu kuma mai gafarta zunubi. Kowa shi zai ceci kansa.

Wahalar Judson ke nan. Yaya za ka faɗa wa mutum Allah ya ƙaunace shi, alhali bai yarda akwai Allah ba? Judson bai yi gaggawa ba. Ya zauna ya koyi harshen Burma, ya koyi kuma Pali, harshen littattafan Buda, domin ya san abin da mutanen su ke nufi da kalmominsu kafin ya sa su cikin Maganar Allah. A 1819 ya gina rumfa a bakin hanya, irin wadda matafiya ke hutawa a ciki, ya kan zauna ya yi taɗi da duk wanda ya shigo. Cikin shekaran nan ya yi wa Maung Nau baftisma, shi ne na fari, bayan shekara shida. Wani malami mai suna Shwe Ngong ya yi watanni ya na gardama da shi, Judson ya na amsa masa da haƙuri, har ya ba da gaskiya aka yi masa baftisma a 1820. A shekaran nan kuma Judson ya tafi Ava wurin sarki ya roƙi izinin wa'azi, sarki ya ƙi.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Burma a 1824, aka zarge shi da leƙen asiri, aka sa shi cikin mari wajen wata 17. Ann ta ɓoye fassararsa ta Sabon Alkawari cikin matashin kai, ta haka ta tsira. Ann ɗin ta rasu a 1826, ba da daɗewa da sakinsa ba.

Ya gama juya dukan Littafi Mai Tsarki a 1834. Ko da shi ke ya ba da ƙarfinsa ga mabiyan Buda, kaɗan ne daga cikinsu suka bi. Yawancin masu bi daga kabilar Karen suka fito, waɗanda ba addinin Buda su ke yi ba. Ya rasu cikin jirgin ruwa a 1850, aka saka gawarsa a teku. Har yau ekklesiyoyin Miyanma su na karanta fassararsa.