Paul Harris, Lauyan Da Kaɗaici Ya Sa Ya Kafa Rotary

Da yawa daga cikinmu kan ɗauki ƙungiyoyi irin su Rotary a matsayin dandalin masu hannu da shuni, inda ake cin abinci a ɗauki hoto. Ban ce zargin ba shi da tushe ba, amma ya kamata mai karatu ya san rayuwar wanda ya kafa ta.

An haifi Paul Harris a garin Racine na Amurka a 1868. Kakanninsa ne suka rene shi a wani ƙauye na jihar Vermont, inda kowa ya san kowa. Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Iowa a 1891, ya yi shekara biyar yana yawon duniya da ƙwadago, kana ya zauna a Chicago a 1896. Birnin ya ba shi abinci, ya hana shi abokai. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 ya zauna da mutum uku, dillalin kwal da injiniyan ma'adinai da tela, suka kafa ƙungiya. Karɓa-karɓar taro da suke yi a ofisoshin juna ce ta jawo mata sunan Rotary.

Manufar farko ba taimakon talaka ba ce. Zumunci ne da kai wa juna ciniki. Sai da Harris ya zama shugabanta a 1907 ya dage cewa ƙungiyar da ba ta amfani garinta ba ba za ta ɗore ba. Aikin da suka fara tsayawa a kai shi ne samar da banɗakin jama'a a tsakiyar Chicago. A ganina, nan girmansa yake: ya zaɓi aikin da ba wanda zai yi alfahari da shi, alhali kowa na buƙatarsa. Duk da haka, ƙungiyar ta ƙi karɓar mata har zuwa ƙarshen shekarun 1980, abin da ba zan yaba ba.

Da ya rasu a Janairun 1947, gudunmawar tunawa da shi ta haura dala miliyan ɗaya, aka ba ɗalibai tallafin karatu. Rotary ta iso Kano a 1961, ta kuma shiga yaƙi da shan-inna gadan-gadan a 1985. A Borno aka ga yaran ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta nakasa a 2016, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020.