Shugaban Da Ya Kafa Ƙungiya Ƙasarsa Ta Ƙi Shiga

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ba 'yan'uwana manoma da 'yan tireda tarihin Woodrow Wilson, shugaban Amurka daga 1913 zuwa 1921.

An haife shi a 1856, ɗan limamin coci ne, kuma malamin jami'a kafin ya shiga siyasa. Shi ya shigar da Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917. Da yaƙi ya ƙare ya tafi Faris da kansa, ya nace sai an kafa ƙungiyar ƙasashe mai sasanta rigima tun ba a ɗauki bindiga ba. Aka kuwa kafa.

To, a gida aka samu cikas. 'Yan majalisar dattawa, Sanata Lodge a gaba, suka ji tsoron kada ƙasar da ta ƙwaci 'yancinta daga Ingila ta koma baƙi ke sa mata ranar tura 'ya'yanta yaƙi. Ni dai ban ga laifinsu duka ba, ko adashi ne ai sai ka ji sharaɗi kafin ka zuba. Suka nemi gyara, Wilson ya ƙi. Ya hau jirgin ƙasa yana zagaya jihohi neman goyon bayan talakawa, har ɓarin jikinsa ya shanye a Oktoba 1919. Majalisa ta ƙi amincewa. Ya rasu a 1924, Amurka ba ta shiga ba har ƙungiyar ta rushe.

Mu nan Mubi abin ya shafe mu. Ƙungiyar nan ce ta ba Ingila amanar yankinmu bayan an ƙwace Kamaru daga Jamus, sai a 1961 muka haɗe da Nijeriya.

Naku,
Wani manomi, Mubi.