Aw Boon Haw, Attajirin Da Ya Zuba Maganin Ciwon Kai A Gwangwani

Duk ɗan kasuwar da ke tasowa daga Buokrom ko Aboabo ya wuni a mota zuwa Paga ko Aflao ya san ciwon kan nan na gajiya, mai ɗaure goshi da ƙeya kamar an tsuke rawani. Da yawa man shafawa suke murzawa. Cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan mai a duniya, babu kamar Aw Boon Haw, mai Tiger Balm.

An haife shi a shekarar 1882 a Rangun ta ƙasar Bama. Mahaifinsa Aw Chu Kin baƙo ne daga lardin Fujiyan na ƙasar Sin, mai shagon maganin gargajiya da ake kira Eng Aun Tong. Da tsohon ya rasu a 1908, shagon ya faɗo hannun Boon Haw da ƙanensa Boon Par. Ƙanen ya riƙe haɗa magani, wan kuma ya riƙe talla.

Haɗin ba wani asiri ba ne: kafur ne da sinadarin na'ana'a da man kanumfari da wasu mayukan itatuwa. Babu ko ɗigon kitsen damisa a ciki. Sunan ya fito ne daga sunan mai shi, domin Haw na nufin damisar Asiya mai zane. Gwanintarsa ita ce zuba maganin a ɗan mazubin da lebura zai iya saye, da hoton da ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Har mota ya sa aka ƙera masa mai kan damisa, yana yawon talla da ita.

A 1926 ya mai da cibiyar kasuwancinsa Singafo. Maimakon ya yi ta biyan jaridu kuɗin talla, sai ya kafa nasa: Sin Chew Jit Poh a 1929, da Sing Tao a Hong Kong a 1938. Ya kuma kashe dukiya mai yawa kan makarantu da asibitoci.

Sai dai yaƙin duniya na biyu ya bar masa tabo. A 1943 ya je Tokiyo ya gana da Firayim Ministan Japan, Tojo, alhali sojojinsa na mamaye da ƙasar Sin, abin da ya jawo masa zargin haɗa baki da abokan gaba. Ƙanensa ya rasu a Rangun a 1944, shi kuma ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Honolulu a 1954.

Shin man yana aiki? Wani gwaji da likitoci suka buga a Ostireliya a 1996 ya nuna yana sauƙaƙa irin wannan ciwon kai kusan kamar farasitamol. Amma na shafawa ne kawai. Kafur guba ne idan yaro ya haɗiye, ba a kuma shafa wa jariri a hanci. Masu sari kuma su duba da kyau, domin ba kowane gwangwani mai hoton damisa ne ya fito daga gidan Haw Par ba.